Ƙuri'a a Kwalin Ashana

Ranar da Amatullahi ta fara ganin Yunus, ba murmushi ta yi masa ba, gyara ta yi masa a gaban mutane.

A wani zauren taro ne a Matameye, inda aka tara matasa masu bincike waɗanda ba su daɗe da barin jami'a ba, ana koya musu yadda ake gwada sabon abu a sana'ar mutane kafin a buɗe baki a ce yana da amfani. Formasiyo suke ce masa, irin na 'yan lakol, wato 'yan boko. Mai koyar da su, Dakta Najaha, gajeriyar mace ce mai kaifin murya, kuma ba ta gajiya da nanata magana ɗaya.

"In ka ba mace inji, baɗi ka tarar ta yi ƙiba, ina ka san injin ne? Wataƙila damina ce ta yi kyau. Sai kana da wata irinta da ba a ba ba, ka kwatanta su. Kuma mai zaɓen wadda za a ba, ba kai ba ne, ba mai gari ba ne. Ƙuri'a ce."

Aikin da aka ɗora musu shi ne wani ƙaramin injin matsar man gyaɗa da wasu matasan maƙera suka ƙera. Ana son a sani, yana ƙara wa mata masu mai da ƙuli riba, ko kuwa gyaransa ne zai riƙa cinye abin da aka samu?

Yunus ne ya fara tashi. Dogo ne ɗan Damagaram, mai magana a natse kamar ba ya son kalmomi su yi karo da juna. Ya tsaya gaban allo ya zana tsarinsa tsaf: a tara matan unguwa, a yi ƙuri'a mace bayan mace, rabi su samu inji, rabi su ci gaba da matsa da hannu. Ya ajiye alli yana jiran tafi.

Sai ga hannu daga baya.

"Malam, a unguwa ɗaya?"

"E, a unguwa ɗaya."

"To ai ka gama aiki tun ba ka fara ba," in ji Amatullahi. "Matar da ke aron turmi, ta ari rariya, ta ari garwashin wuta, ita ce za ta kasa aron inji? Kafin la'asar injin mutum ɗaya ya zama na unguwa. In kowa ta matsa da inji, wa za ka kwatanta da wa?"

Zauren ya ɗauki dariya. Da wani saurayin ne, da sai ya haɗe rai ya nemi hanyar ramawa. Shi kuwa Yunus sai ya dube ta, ya dubi allon, ya sa tafin hannu ya goge zanensa gaba ɗaya.

"Wallahi gaskiyarki. To, Malamata, yaya za a yi?"

"A yi ƙuri'ar ƙungiya-ƙungiya. Kuma a ɗauko su nesa da juna, yadda aro zai yi wuya."

Dakta Najaha ta nuna su da bakin alƙalami. "Ku biyun nan, tare za ku yi aiki. Mai baki da mai kunne."

To, in gaya muku gaskiya, wannan goge allon shi ya fara shiga ran Amatullahi. Ta yi ta ce wa kanta ba komai ba ne, amma da aka tashi shan ruwa ta kama kanta tana neman inda ya zauna.

Daga nan aka shiga yawon ƙauyuka. Kance, Dawce, Kurni, duk inda aka ji ƙamshin suyar gyaɗa sai sun leƙa. Suna zama da mata a kan tabarma, suna tambayar ciniki, suna bayyana musu sharaɗi ba ɓoye-ɓoye: rabin ƙungiyoyi za su karɓi inji bana, rabi sai baɗi, kuma ba mai zaɓe sai ƙuri'a. Yunus ya koyi cin ƙuli mai zafi ba tare da ya ƙona harshe ba. Amatullahi ta koyi cewa in ya yi shiru yana shafa haɓa, to ba fushi yake ba, tunani yake.

Wata rana da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Malamata, na sake duba tsarinmu ban ga kuskure ba. Kuskure ɗaya na gano, a kaina yake: tun da muka rabu ban iya tuna komai ba sai ke."

Ta karanta, ta kife wayar a cinya, ta sake ɗauka.

"Ɗan Damagaram, ina shaidarka? Da wa ka kwatanta?"

"Na kwatanta da Yunus na bara, wanda bai san ki ba. Wancan yana cin abinci yana barci lafiya."

"Wataƙila zafin Matameye ne ya dame ka."

"Na zauna a Agadas, zafi bai yi mini haka ba. Amatu, da gaske nake. Ina son ki, kuma da aure nake son ki."

Daga baya ta rubuta: "Gidanmu ba ɓoyayye ba ne. Kowa ya san ƙofar Alhaji Sallau mai rake."

Haka kuwa aka yi. Ya turo manya suka yi sallama, aka ba shi izinin zuwa zance. Alhaji Sallau mutum ne mai lambun rake da faɗa a ji a majalisa, mai son a girmama shi, amma ba mugu ba ne. Da farko yaron ya kwanta masa a rai. Ya ce yana da ladabi, in ya durƙusa gaisuwa ba ya tashi sai an ce ya tashi.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Mahaifiyar Amatullahi, Hajiya Fati, ita ce shugabar wata ƙungiyar masu mai a unguwarsu, kuma ƙungiyar tana cikin waɗanda za a yi wa ƙuri'a. Da man gyaɗar nan ta yi wa 'yarta hidimar karatu, da hannunta take murza tunkuza har kafaɗunta suka fara ciwo. Amatullahi ba ta ɓoye wa Dakta Najaha wannan ba tun ranar farko. Dakta ta ce ba laifi, amma kada hannunta ya shiga ƙwaryar ƙuri'a. Yunus ne zai ciro.

Amatullahi ce ma ta kawo dabarar yadda za a yi, tun da ba duk matan ke karatu ba. Kowace shugaba ta kawo wata 'yar alama tata, a sa a kwalin ashana, kwalaye iri ɗaya, a zuba a ƙwarya a girgiza. Wadda aka buɗe kwali aka ga alamarta, ita da kanta za ta shaida.

Ana saura 'yan kwanaki, Yunus ya zo zance bayan la'asar, fuskarsa ba yadda ta saba gani ba.

"Lafiya, Dogo?"

"Babanki ya kira ni zaure ɗazu."

"Sai me?"

"Ya ce na ga yadda kafaɗun Hajiya suke. Ya ce tun da ni zan sa hannu a ƙwarya, ai ɗan karce gefen kwali da farce ba wani aiki ba ne, yatsa zai gane shi. Ya ce mutum ba ya riƙe da ludayi a bar nasa da yunwa."

"Kai kuma me ka ce?"

"Ban ce komai ba. Na sunkuyar da kai, ya sa mini albarka, na fito."

"Innalillahi! Yunus, ka san abin da ka yi kuwa? A zauren Baba, in ya yi magana ka sunkuya ya sa maka albarka, to an ƙulla ke nan!"

"To ya zan yi, Amatu? In ɗaga kai in dubi suruki in ce masa a'a? A gidanmu ko sunansa ba a koya mini in kama ba."

"Za ka karce kwalin?"

"Har abada. Matan nan sun yarda da mu. In na yi haka na cuce su, na cuci aikin, na cuci kaina."

"To koma ka gaya masa."

Ya shafa haɓa. "Bari dai mu gani. Rabi da rabi ne fa. In Allah ya sa kwalin Hajiya ya fito da kansa, magana ta mutu, ba wanda ya ji kunya."

Kai, jama'a! Mutumin da aka kwashe makonni ana koya masa cewa ba a gina aiki a kan sa'a, shi ne ya ɗauki aurensa ya ɗora a kan rabi da rabi. Ita ma gwanar gyaran ba ta tsira ba. Sau nawa ta doshi zauren mahaifinta ta juyo? Ina budurwa ta taɓa zama gaban ubanta tana tattauna saurayinta? Kunya ta ɗaure shi, ta ɗaure ta, Alhaji kuwa yana majalisa yana gaya wa abokai cewa bana Hajiya ta huta, ai suruki na gari ya fi gona.

Ranar ƙuri'a mata suka cika inuwar darbejiya maƙil. Wata ta kawo maɓalli, wata wuri, wata kanumfari, wata ƙwayar gyaɗa ɗaure da jan zare. Hajiya Fati ta cire ɗan kunnenta guda ta sa a kwali da hannunta, ta ce, "Abin da ya fito mun karɓa." Matan suka amsa baki ɗaya. Alhaji Sallau ya zo da abokansa biyu suka tsaya daga gefe, yana ta gyara hula.

Yunus ya kawar da fuska, ya sa hannu. Kwali ya fito, aka buɗe, maɓalli. Guɗa ta tashi. Wani ya fito, wuri. Wata guɗar. Amatullahi tana tsaye tana karanta duk addu'ar da ta sani, don kada ku ɗauka ba ta so uwarta ta samu ba. Tana so, so mai tsanani. Ita ke shafa mata man zafi a kafaɗa.

Aka ciro na ƙarshe. Jan zare ne.

Ɗan kunnen Hajiya yana can cikin ƙwarya tare da na baɗi. Hajiya Fati ta yi murmushi ta taya mai jan zaren murna. Alhaji Sallau kuwa bai jira an yi addu'a ba. Ɗaya daga cikin abokansa ya ce masa a hankali, amma yadda kowa zai ji, "Alhaji, ashe gonar ta fi."

Kafin magariba saƙo ya isa masaukin Yunus: kada ya sake taka ƙofar gidan. A tsakar gida kuma Alhaji ya yi maganar da ƙarfi don 'yarsa ta ji daga ɗaki.

"Yaron da zai sunkuya a gabana ya karɓi albarkata, ya fita ya kunyata ni a bainar jama'a, shi zan ɗauki 'ya in ba? Gobe haka zai yi mata. Fuska biyu gare shi!"

Amatullahi ta yi kuka ranar, kuka na gaske, har idanunta suka kumbura. Saƙon Yunus ya shigo.

"Zuciyata, ban yi nadamar ƙwaryar ba. Na yi nadamar zauren. Ki yafe mini."

Ta rubuta: "Ni ba ni ka yi wa ba. Amma ina nan, ban je ko'ina ba."

Ana cikin haka sai ga Sa'adu ya dawo daga Kano. Ɗan aminin Alhaji ne, duk rani can yake ci, yana sayar da kayan gyaran babur, kuma ya daɗe yana jefa ƙugiya Amatullahi tana kaucewa. Ya ji labari tun a tasha. Ya zo gaisuwa da shadda mai maiƙo da turare har layi na biyu, ya zauna a zaure ya daɗe, ana jin dariyarsu shi da Alhaji.

Washegari Yunus ya aiko cewa zai je Damagaram, yana da abin da zai yi, zai dawo ba da daɗewa ba. Bai ce mene ne ba.

Bayan tafiyarsa, da hantsi, amalanken jaki ta tsaya a ƙofar gidan Alhaji Sallau. A kanta inji ne sabo fil, irin na ƙuri'a sak, har fentin. Mai amalanken ya ce shi dai daga tasha aka ɗora masa, aka ce ya kai wa Hajiya Fati. Aka sauke a tsakar gida, mata na leƙe ta katanga.

Kafin azahar magana ta zaga gari, ta kama hanyar Kance. Ashe ƙuri'ar ta ganin ido ce! Ashe an bi ta bayan gida an ba suruka nata! Shugabannin ƙungiyoyin baɗi suka yi ta kiran Dakta Najaha, suna cewa su ma a ba su yanzu ko a cire su, ba za su sake amsa tambayar kowa ba.

Amatullahi ta tsaya tana kallon injin. A Damagaram ake ƙera shi. Yunus yana Damagaram. Ya san maƙeran, kuma yana neman hanyar shirya da Baba. Me ya rage? Ta ɗauki waya a fusace ta rubuta masa.

"Ashe haka kake? Ka goge allo a gaban mutane don gaskiya, yau ka goge gaskiyar don aure? In da inji za a saye ni, wallahi ba na sayarwa ba ce. Kada ka kira ni."

Ya kira. Ta kashe. Ya sake kira, ta kashe wayar ɗungurungum.

Hajiya Fati kuwa ta fito tsakar gida. Ta zaga injin sau ɗaya, ta shafa shi kamar mai shafa ɗan akuya, ta ja dogon numfashi. Sannan ta yafa mayafi ta fita. Ba ta daɗe ba ta dawo, mai amalanken na biye da ita.

"Na je tasha," ta ce wa 'yarta. "Direban da ya ɗauko shi ya gaya mini. Sa'adu ne ya aika aka sayo, ya ce kada a faɗi sunansa sai ya zo da kansa ya karɓi godiya."

Amatullahi ta dafe ƙirji. Zato zunubi!

Alhaji ya shigo daidai lokacin ana ɗaga injin. "Fati, me nake gani? Kyauta ce fa yaro ya yi miki!"

"Na gode masa, Alhaji, Allah ya saka. Amma da hannuna na sa ɗan kunnena a kwali, da bakina na ce abin da ya fito mun karɓa. Mata na bayana. In na kunna wannan, da wane ido zan dube su? Kafaɗar da ta kai yau za ta kai baɗi."

Ba ta bari amalanken ta bi ta lungu ba. Ta bakin kasuwa ta sa aka bi, tana tafe a bayanta a ƙafa, duk wadda ta tambaya ta ce mata, "Na Sa'adu ne, gidansu za shi." Kafin la'asar wayar Dakta Najaha ta huta. Sa'adu kuwa ya ga inji ya dawo masa da rana tsaka, bai ƙara kwana uku a gari ba ya ce kasuwa na kiransa.

Amatullahi ta kunna waya. Saƙo ɗaya ta tarar.

"Ban san wane inji kike faɗi ba. Kawuna Munkaila na je ɗaukowa, ya zo ya ba Baba haƙuri a madadina. In kin yarda zan iya abin da kika faɗa, to lalle ban gama nuna miki kaina ba. Laifina ne."

Hawaye suka zubo mata. Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge.

"Dogona, na zalunce ka. Na yanke hukunci ba shaida, ni da nake yi wa mutane gyara. Ka yafe wa Malamarka."

"Na yafe tun kafin ki tambaya. Gobe muna tafe. Ki yi mana addu'a."

Da safe suka iso. Malam Munkaila tsoho ne mai farin gemu, wanda Alhaji ba zai iya hana shi shiga zaure ba. Amatullahi da uwarta suka raɓe a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, wai suna tsince shinkafa. Shinkafar da ba a tsince ko ƙwaya ba.

Malam Munkaila ya yi ta kewaye-kewaye irin na manya. Ya yabi gidan, ya yabi zumunci, ya kawo ƙuruciya, ya kawo haƙuri. Alhaji ya saurara har ya gama.

"Malam, na ji, kuma girmanka ya wuce a mayar da kai hannu rabbana. Amma ba da kai na yi magana ba, da shi na yi. Yunus!"

"Na'am, Baba."

"An ce injinan baɗi suna nan a ajiye, kuma kana da hannu a wurin. Matata ta mayar da na Sa'adu, na sha kunya karo na biyu. To ga hanya. Ka sa a fito da na ƙungiyarta yanzu, a ce an yi kuskure wurin ƙirga. Ka yi wannan, in sa ranar aure kafin ku tashi daga tabarmar nan. Ka ji?"

Amatullahi ta leƙa ta tsagin ƙofa. Ga shi durƙushe, kansa a ƙasa, yadda ya kwatanta mata na ranar farko. Idan ya yi shiru ta rasa mutumin da take so, idan ya yi magana wataƙila ta rasa auren. Hajiya ta damƙe mata hannu.

Sai ta ga kan ya ɗago. A hankali, kamar mai ɗaga buhu.

"A'a, Baba."

Malam Munkaila ya yi gyaran murya. Yunus bai tsaya ba.

"Ba zan iya ba. Kuma tun ranar farko ya kamata in gaya maka haka, kunya ta hana ni, na bar ka ka dogara da abin da ba zan yi ba. Wannan laifina ne, ka yafe mini. Ina son Amatullahi, Allah ya sani. In akwai aikin da zan yi wa Hajiya da jikina, ko dakan gyaɗa ne, zan yi. Amma amanar matan nan ba tawa ba ce balle in bayar. Ko da za ka hana ni, Baba, amsar ke nan."

Alhaji Sallau ya daɗe yana kallonsa. Ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar. Ko gwaji ya yi, ko da gaske yake ya ga ba ci, wannan har yau ba wanda ya sani, shi kuma ba zai faɗa ba.

"Malam Munkaila," ya ce, "ka ji ɗanka ya ce mini a'a a zaurena?"

"Na ji, Alhaji. A yi haƙuri, yaro ne..."

"Bar shi. Da ya faɗe ta tun farko, da na yi fushin kwana biyu na huce, ban je majalisa na saki baki ba. Ba ƙin da ya yi ne ya ƙona ni ba, sunkuyon ne. Na ɗauka irin mutanen nan ne masu ce maka to a zaure su yi a'a a waje. Irinsu ba a ba su 'ya, don ranar da za su sake ta ma murmushi suke yi." Ya juya wajen Yunus. "Yanzu na san in ka ce e, e ɗin ce. To ina tambayarka: za ka riƙe mini ita amana?"

"E, Baba."

"Na ba ka."

Tiren shinkafa ya kife a bayan ƙofa. Alhaji ya ɗaga murya, "Masu tsintar shinkafa, a kawo wa baƙi ruwa!" Malam Munkaila ya yi dariya har da tari.

Bayan an yanke rake aka ɗaura aure. Matan Kance da Dawce da Kurni suka zo mota-mota, na bana da na baɗi, suka cakuɗe a tsakar gida ba ka iya bambance su. Dakta Najaha ta sha anko, ta ce ita dai ta haɗa su aiki ne, abin da ya biyo baya ba ya cikin tsarin binciken. Sakamakon gwajin kuwa sai nan gaba, ba wanda ya san abin da zai nuna, kuma ango da amarya sun ce ko me ya nuna haka za su faɗa.

Da za a tafi da amarya aka kai ta wurin mahaifinta sallama. Ta durƙusa, kuka ya ci ƙarfinta. Alhaji Sallau, mai faɗa a ji a majalisa, ya ajiye doguwar nasihar da ya shirya. Ya dafa kanta ya daɗe.

"Amatu," ya ce da ƙyar, "ban taɓa ba da abin da ya kai ki ba. Amma hankalina a kwance yake. Tashi ki je."

Mata suka ɗauki guɗa har ƙofar gida. Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai albarka, ya sa a tsufa tare ana gaya wa juna gaskiya. Amin.